Mujallun ilimi: laburare zai biya ko malamin da ya rubuta?

Duk sadda anka zauna maganar kasafin kuɗin laburare a manyan makarantunmu na nan Sakkwato, ko jami'ar Danfodiyo ce ko ta jiha ko kwalejin Shehu Shagari ko foli, ba a rasa wanda zai ce to ai yanzu komai kyauta ne a intanet, mi za a yi da biyan kuɗin mujallu duk shekara? Wani kuma ya ce a'a, mujallar da ba a biya ba ai ba mujalla ba ce, tarkace ne. Ni dai abin da nike gani shi ne kuɗin ba su tafi ko'ina ba, wurin karɓarsu ne anka canza. Da a ƙofar laburare ake tare mutum a ce biya ka karanta, yanzu a ƙofar ofishin malami ake tare shi a ce biya a buga maka. Kuma ga irinmu wanga canji ya zo da sauƙi ta gefe guda da nauyi mai tsanani ta ɗaya gefen.

Bari mu fara da tsohon tsarin. Malami ya yi bincikensa da albashin gwamnati da ɗan abin da ya tara, ya rubuta maƙala ya aika wa mujalla, ba a biyansa ko sisi. Wasu malamai biyu ko uku su duba aikin su tantance, su ma ba a biyansu. Edita galibi malamin jami'a ne, in ma an ba shi wani abu ɗan ihsani ne. Sai kamfani ya gyara shafuka ya ɗora a intanet ya sa makulli, sannan ya dawo ya sayar wa laburaren jami'ar da malamin ke aiki. Kamar manomin albasa ne na Goronyo ya noma ya cire ya zuba a buhu ya kai wa dillali kyauta, in ya tashi miya sai ya je ya saya da tsada. Wani bincike da anka buga a 2015 ya nuna kamfanoni biyar kacal sunka buga fiye da rabin maƙalun da sunka fito a 2013 cikin babban kundin Web of Science, cikinsu akwai Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis. Ribar sashen da Elsevier ke ciki ta daɗe tana haura kashi 30 cikin ɗari, ribar da masu masana'anta da yawa ko a mafarki ba su gani.

Mi ya sa farashin ba ya sauka? Saboda maƙala ba ta da madadi. In likita a asibitin koyarwa yana neman wani bincike kan ciwon noma mai cin baki da fuskar yara ko sanƙarau da anka buga a wata mujalla, ba zai ce to tunda wagga ta yi tsada bari in sayi waccan ba, abin da yake so a wuri ɗaya yake. Kuma wanda ke karantawa ba shi ke biya ba, laburare ke biya, don haka malamai na ta matsa lamba a sayo, ba su san nawa ake cajin ba. Daga wajen ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin sunka shigo da sayarwa a dunƙule, wato ba za ka zaɓi mujallu talatin da mutanenka ke buƙata ba, sai dai ka ɗauki dubu biyu gaba ɗaya a kwantiragin shekaru da ƙari duk shekara, in ka ce guda talatin ɗin kawai kake so sai a yi maka farashin da zai kusa kai na dubu biyun. Sau da yawa ma akwai sharaɗin kada ka faɗa wa kowa nawa ka biya.

Kada a ɗauka talauci ne kawai ke sa mu kuka. A 2012 kwamitin malamai masu ba laburaren Harvard shawara ya fito ya ce abin ba zai ɗore ba, kuɗin da suke biyan wasu manyan kamfanoni ya kusa dala miliyan 3.75 a shekara. A 2019 Jami'ar Kalifoniya ta yanke hulɗa da Elsevier, lokacin tana biyan wajen dala miliyan 11 duk shekara, sai 2021 sunka shirya. Idan waɗanga sunka ce sun gaji, to ina ga laburaren da ke jiran kason TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu?

Mu namu ciwon ya ninka saboda da dala ake biya, da naira ake ba mu. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A ce misali laburare na da kwantiragin dala 50,000 a shekara, da naira miliyan 23 ne, a canjin 2024 ya koma miliyan 75, ba a ƙara mujalla ko ɗaya ba. Wa zai je gaban majalisar jami'a ya kare wanga ƙari alhali ga kuɗin lantarki ga dizal ga rufin ajin da ke yoyo? Abin da ke faruwa shi ne a bari kwantiragi ya mutu shiru, ɗalibin digiri na biyu ya zo ya danna ya tarar an rufe. Kuma wani abu da mutane ba su lura da shi ba, biyan kuɗin shekara haya ne, ba saye ba ne. Zamanin takarda in ka biya shekara goma sannan ka kasa, shekara goman nan na kan kanta, ka shiga tsofaffin laburarorin jami'o'in ƙasar nan za ka ga jerin mujallu sun taho tiryan-tiryan sai su tsaya cak a shekarun 1980 lokacin da tsarin SAP ya karya naira, amma dai na bayan suna nan ana karantawa. Yanzu in kwantiraginka bai ƙunshi haƙƙin ci gaba da ganin shekarun da ka biya ba, ranar da ka daina biya ranar komai ke ɓacewa.

To a kan haka ne anka taso da maganar buɗe bincike ga kowa. Masana kimiyyar fiziks sun riga kowa, tun 1991 suke zuba rubuce-rubucensu a rumbun intanet na arXiv kyauta. A 2002 anka fitar da sanarwar Budafes wadda ta ba abin suna da manufa, a 2003 anka buɗe DOAJ, kundin da ke jera mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda anka tantance. Kuma gaskiya wallahi mu masu karatu a nan mun ci riba babba, ba na son kowa ya raina wanga. Ɗalibi a Dundaye ko malamar makarantar jinya da wayarta da datar naira ɗari biyar tana sauke binciken da shekaru ashirin baya sai wanda ya je Ingila zai gani. Ga laburare kuma, duk maƙalar da ta fito a buɗe, nauyi ne anka sauke masa, kuma ba mai zuwa gobe ya ƙwace.

Matsalar ita ce yadda manyan kamfanoni sunka karɓi abin. Sun ce to madalla, za mu buɗe, amma marubuci ya biya kuɗin bugawa. Mujallu da yawa na karɓar dala 2,000 zuwa 3,000 kan maƙala ɗaya. Babbar mujallar kimiyya ta Nature da ta fara nata a 2021 ta sa yuro 9,500, wajen dala 11,390, wato in ka buga da 1,500 ya haura naira miliyan 17, maƙala guda. Ko dala 2,000 ɗin ma naira miliyan 3 ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi anka kai shi 70,000 a 2024. A Turai da Amurka ba daga aljihun malami kuɗin ke fita ba, masu ba da tallafin bincike ko laburare ke biya. A nan fa? Malami ne da albashinsa da bashin kofaretif, ko a haɗu mutum shida ko takwas a yi karo-karo kowa a sa sunansa, wanda shi kansa wata ɓarna ce don wani bai san ma mi anka rubuta ba, kuɗinsa ne sunka saya masa suna.

Za a ce ai akwai yafiya ga ƙasashe matalauta. Akwai, amma a duba yadda take. Kamfanoni da yawa na bin rabe-raben Bankin Duniya, kuma Najeriya tana rukunin masu matsakaicin samu na ƙasa-ƙasa, ba ta cikin mafi talauci. Don haka a wurare da dama malamin da ke Yamai ko Tawa zai samu a yafe masa duka, na Sakkwato da tsakaninsa da iyakar Illela bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ba sai a ce masa rabi, wani wurin ma ba komai, saboda a takarda ƙasarsa mai man fetur ce. Rabin dala 3,000 kuwa har yanzu ya fi naira miliyan 2. Sannan sai ka nema, ka rubuta wasiƙa kana bayyana rashinka, wasu malamai ba su ma san akwai ba, wasu kuma girman kai ko kunya ke hana su, kuma ban ga laifinsu ba, mutum ya yi aikin shekara biyu sannan a ce ya zo ya yi roƙo.

Akwai kuma mujallu masu fuska biyu, waɗanda har yanzu laburare ke biyan kuɗin shekara amma in marubuci ya biya sai a buɗe tasa maƙalar ita kaɗai. Nan kamfani na ci ta baki biyu, kuma yafiyar da ake magana galibi ba ta shafe su ba. Don a magance haka ne ƙasashe masu hali sunka shiga kwantiragin karanta-ka-buga, a haɗa kuɗin biyu wuri guda. Jamus ta yi da Wiley a 2019 kan yuro 2,750 kowace maƙala, daga baya Springer Nature, Elsevier sai 2023 bayan jami'o'in ƙasar da yawa sun yi shekaru ba su da damar shiga sabbin mujallunsa. Ya yi musu daidai tunda kuɗin da ma suna kashewa ne, akalarsu kawai anka juya. Amma ɗauki lissafin ka kawo nan, jami'ar da malamanta ke fitar da maƙala 300 a shekara a irin waɗannan mujallu, a wancan farashi yuro 825,000 ne, ya haura naira biliyan ɗaya. Babu laburaren jami'a a arewa maso yamma da zai iya ɗaukar wanga. Ba mu da tsohon kuɗin da za mu juya, don da ma ba mu taɓa iya biyan na karatun cikakke ba.

Shi ya sa in anka tambaye ni wanne ya fi arha ga laburare, sai in ce in dai littafin kuɗin laburare kaɗai za a duba, buɗaɗɗen tsari ya fi arha nesa ba kusa ba. Amma in jami'a gaba ɗaya za a duba, kuɗin na nan suna fita, sai dai ba wanda ke rubuta su. Shugaban laburare ya san nawa ya biya rumbunan mujallu irin EBSCO ko JSTOR, amma ka tambayi kowace jami'a nawa malamanta sunka kashe bara daga aljihunsu wajen buga maƙalu, da wuya ka samu amsa. Kuɗi ne masu yawa da ke zirarewa ɗaya-ɗaya ta katin banki da hannun 'yan canji, ba ciniki ba ragi, kowa shi kaɗai gaban kamfani.

Kuma tsarin biya-a-buga ya zo da wata cuta da tsohon bai da ita sosai. In kuɗinka na zuwa ne daga yawan abin da ka buga, to duk maƙalar da ka ƙi asara ce. Daga nan mujallun bogi sunka yi yawa, waɗanda ke turo saƙon imel suna yabonka suna cewa za su buga cikin kwana bakwai, ba tantancewa ba komai, kuma malaman ƙasar nan na cikin waɗanda anka fi cuta saboda ƙarin girma na rataye da yawan maƙalu, kuma ana son a ga na ƙasar waje. Mutum ya biya dala 100 ko 150 ya ji daɗi ya yi arha, ranar tantance takardunsa a ce ba a san wagga mujalla ba. Ba ƙananan 'yan damfara kawai ba, Wiley ya sayi kamfanin Hindawi a 2021 kan dala miliyan 298, a 2023 sai da anka janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa saboda aikin masu sayar da binciken ƙarya, ƙarshe sunan ma anka binne shi. Wa ke zama ya koya wa malamai da ɗalibai yadda za su gane ta gari da ta banza? Ma'aikacin laburare ne, kuma wanga aiki lokaci ne da horo, ba a sa shi a kasafi.

Su kansu editoci sun fara gajiya. A 2015 editocin mujallar Lingua ta ilimin harsuna sunka ajiye aiki gaba ɗaya sunka kafa Glossa. A 2023 na NeuroImage su sama da 40 sunka yi haka saboda kuɗin bugawa ya kai dala 3,450 kuma kamfani ya ƙi ragewa. Gidauniyar Gates da ta daɗe tana biya wa waɗanda take tallafawa ta daina daga farkon 2025. Wato waɗanda sunka gina tsarin da kuɗinsu ma sun fara ja da baya, bai kamata mu mu ruga ciki ido rufe ba.

Ban manta da Research4Life ba, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun da ke kulle, wanda ya fara da Hinari na hukumar lafiya ta duniya a 2002, sai AGORA na noma a 2003, da sauransu na muhalli da ƙere-ƙere da shari'a. Ya taimaki likitocinmu da malaman gona da na dabbobi ƙwarai, ƙasashen rukunin farko, wato mafiya ƙarancin hali, kyauta, na biyu dala 1,500 a shekara ga kowace cibiya, wanda ko a canjin yau arha ne. Amma kyauta ce ta mai kaya, kamfani na iya cire mujallunsa daga wata ƙasa in ya ga akwai kasuwa a can. Sci-Hub kuma, shafin da ke raba maƙalun da ke kulle ba da izinin kamfanoni ba, wanda Alexandra Elbakyan ta buɗe a 2011, kowa ya san ɗalibai na shiga, kotu a Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 15 a 2017, ba abin da laburare zai gina tsarinsa a kai ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai hanya ta uku da ba mu ba ta muhimmanci ba, kuma tana hannunmu. Mujallar da ba ta cajin mai karatu kuma ba ta cajin marubuci, jami'a ko gwamnati ke ɗaukar nauyinta kamar yadda take ɗaukar nauyin ɗakin gwaji. Mafi yawan mujallun da ke DOAJ ma haka suke, ba su karɓar kuɗin bugawa. Barazil ta fara dandalin irin waɗanga mujallu mai suna SciELO tun ƙarshen shekarun 1990 da kuɗin hukuma, Meziko na da Redalyc, yau yankinsu ya zama abin misali. Mu a Afirka muna da AJOL, dandalin mujallun Afirka a intanet, tun 1998, kuma mujallun Najeriya sun fi na kowace ƙasa yawa a ciki. Nan gida akwai Sokoto Journal of Veterinary Sciences da Nigerian Journal of Basic and Applied Sciences da Sahel Medical Journal, ga na harsuna da addini da tarihi da ake bugawa a takarda kwafi kaɗan su ƙare a kabad ɗin shugaban sashe. Binciken cutar dabbobi a Gwadabawa, ko ruwan rijiyoyin fadamar Rima, ko rubuce-rubucen malaman jihadi da ke ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, waɗanda sunka fi buƙatarsa suna nan kusa, kuma manyan mujallun waje sau da yawa ce maka za su yi abin na yanki ne ba su so.

Ba kyauta ake gudanar da irin wagga mujalla ba, kada in yi ƙarya. Manhajar OJS ta gudanar da mujalla kyauta ce, DSpace na rumbun ajiyar jami'a shi ma haka, amma ana buƙatar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ba ta mutuwa, da sola da batir saboda wutar da muke da ita da zafin Afrilu da ke kashe na'ura, da intanet mai ƙarfi, da mutum biyu ko uku da aikinsu kenan ba wai a ɗora wa wani lakcara a kan kwasa-kwasansa ba, da mai gyaran Turanci da tsara shafi, da lambar DOI ta shaidar maƙala a intanet, wadda ƙungiyar Crossref mai rajistarta ke karɓar dala ɗaya kan kowace sabuwar maƙala ban da kuɗin zama mamba. Amma duba fa, kusan duka da naira ake biyansu, kuma kuɗin na zama a gari. Naira miliyan 17 ɗin maƙala ɗaya a Nature za ta yi nisa ƙwarai wajen riƙe mujallar tsangaya guda. TETFund da harajinta ya tashi daga kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari a 2023 tana da kason laburare da na mujallu, abin da ya rage a daina kallon na mujallu a matsayin kuɗin buga kwafin takarda a raba, a mai da shi kuɗin gina mujallar da za ta fito kan lokaci ta shiga DOAJ har ta kai babban kundin Scopus.

Sai dai duk wanga ba zai yi aiki ba in kwamitin ƙarin girma bai canza ba. Muddin maƙala a mujallar waje ko wace iri ta fi maki kan maƙala a mujallar gida mai tantancewa na gaske, malami zai ci bashi ya kai kuɗinsa waje, kuma hankali ne ya yi. Laburare ba shi da iko a nan, majalisar dattawan jami'a da NUC ke da shi.

Biyan kuɗin shekara kuma ba zai ƙare gobe ba, likitanci da injiniya da shari'a har yanzu akwai abubuwa da yawa a kulle. Amma a riƙa duba alƙaluman amfani kafin a sabunta, sau nawa anka sauke, in ka raba kuɗin da yawan saukewa nawa kowace maƙala ta tsaya, wani lokaci za ka tarar rumbun da anka biya miliyoyi ɗalibai ba su ma san da shi ba don ba a taɓa nuna musu ba, ko yana buɗewa ne kawai cikin harabar makaranta inda netwok ɗin ba ya ja. Kuma a daina zuwa ciniki ɗaya-ɗaya. Afirka ta Kudu na da SANLiC da ke zama da kamfanoni a madadin laburarorinsu duka, har ta samo kwantiragin da malamansu ke bugawa a mujallu da yawa ba su biya daga aljihu ba. Ƙasar da ke da jami'o'i sama da 250 tana da ƙarfin da za ta ce ga abin da za mu iya biya, da naira, da haƙƙin riƙe shekarun da munka biya, da yafe kuɗin bugawa ga malamanmu ba sai sun roƙa ba. A matakin jami'a kuma abu mafi sauƙi da za a fara ko a wanga zangon shi ne a ce duk malamin da ya kawo takardun ƙarin girma ya ajiye kwafin da anka amince da shi na kowace maƙala a rumbun laburare, tunda kamfanoni da yawa sun yarda da haka ko da bayan wata shida ko shekara ɗaya ko biyu ne, sannan ya rubuta nawa ya biya da kuma wa ya biya.